Ranar da Muka Kai Inna Allurar China Ba Ta Karya Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar gida a Funtuwa, ni da Inna da Kawu ƙaninta, ana ɗan yayyafi. Masu bibiyata a nan kun ga na yi ɗif kwana biyu, har wasu sun turo suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Kaduna muka je neman magani, kuma sai yanzu na samu zama in yi rubutu.

Bari in fara da abin da ya kai mu, saboda waɗanda ba su sani ba. Watannin baya Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, na hagu. Kitso take yi wa wata mata a tsakar gida, don sana'arta ke nan, ni kuma ina wanke-wanke. Na ji ta yi wata doguwar hamma, na ɗago, sai na ga tsinken kitson ya faɗi daga hannunta, bakinta ya karkace. Allah ya taimaka aka kai ta asibiti da wuri. Da gashin ƙashi da magani ƙafa ta dawo, tana takawa da sanda, magana ma ta dawo. Hannun ne bai dawo ba. Abin da ya fi hannun damunmu shi ne ita kanta Innar ba ta dawo ba. Matar da in tana gida ba a kunna rediyo, sai ga ta ta juya wa bango fuska daga safe har dare. In an kawo abinci ta yi loma biyu ta ture. 'Yan dubiya su zo ta rufe ido kamar mai barci, da dare kuma barcin ba ya zuwa. Wani lokaci in shiga in tarar hawaye na bin kuncinta, in tambaya, ta ce, “Ku bar ni kawai.”

Mutane suka yi ta faɗin nasu. Masu cewa iska ce, masu cewa ta rasa tawakkali. Likitan da ke duba ta ne ya zaunar da Baba ya ce ciwon damuwa ne, yakan biyo bayan shanyewar jiki, ciwo ne kamar kowane ciwo. Ya rubuta ƙwayoyi. Tana sha, da lallashi, amma sauƙin tafiyar hawainiya yake. Ana haka Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Hayin Banki, ta bugo ta ce akwai wata likita a Unguwar Rimi mai yin allurar China, irin siraran nan da ake caccakawa a jiki ba tare da an ɗura magani ba, mijin maƙwabciyarta ya ji daɗinta. Baba ya koma wajen likitanmu. Likitan ya ce mu je in muna so, da sharaɗi biyu: kada a ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya, kuma a tabbatar mai yin ta koya ne a makaranta.

To, ga inda muka yi wauta. Duk lokacin da za a yi wa Inna gwaji a asibiti, cewa ake kada ta ci komai. Daren tafiya maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, “Kaduna fa za ku, babban waje. Jini za su fara ɗiba. Kada ki kuskura ki ba ta ko koko, a maido ku a yi asarar kuɗin mota.” Ni kuma na ga maganarta a kan hanya take. Na ba Inna maganin hawan jininta da ruwa, na zuba 'yar masa da miya a kula na ƙulle a leda. Ita da ma ba cin take ba.

A tasha Kawu ya biya mata kujerar gaba ita kaɗai don ta miƙe ƙafa. Kuɗin mota kam ba a magana, direba na faɗa Kawu ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Muka kama hanyar Zariya gari na washewa. Wanda bai bi hanyar nan da damina ba bai ga kyau ba. Masara ta yi bunni, dawa ta kai ƙugu, ko'ina kore shar, ga mata 'yan Fulani da ƙorai a ka suna gangarowa titi. Fasinjojin baya suka kama hirar tsadar taki, wani dattijo yana rantsuwa bana da kashin kaji ya yi noma kuma gonarsa ta fi ta kowa. Amma akwai wuraren da in an zo daji ya yi duhu kowa sai ya yi tsit, ka ji ana motsa baki da addu'a, sai an hango shingen jami'an tsaro hira ta dawo. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba sai na faɗa ba.

A Kwangila muka ɗan tsaya. Kafin direba ya kashe mota hannaye sun cika taga: burodi, dafaffen ƙwai, awara, gasasshiyar masara. Kawu ya sayi masara ya karya rabi ya miƙa gaba wajen yayarsa, ni kuwa na yi caraf na riƙe hannunsa na ce asibiti za mu. Wata mata kusa da ni ta ce, “Gaskiyar yarinyar nan, ba a zuwa da ci.” Har wani daɗi na ji a raina, ina ganin na iya jinya. Inna dai tana kallon waje, irin kallon da ba ya ganin komai.

Daga Zariya titi ya buɗe, direba ya saki mota. Muka wuce Jaji, muka iso Maraban Jos inda tankoki da tireloli suka jeru kamar ba za su ƙare ba, ƙaurin gas da ƙamshin tsire sun gauraye. Rigachikun, sai Kawo. Rabona da Kaduna tun ina firamare, saboda haka gadar Kawo ta ba ni mamaki, na yi ta ɗaga kai har Kawu ya ce in rufe baki kar ƙuda ya shiga. A ƙasan gadar kuwa kowa da Hausarsa. Ka ji Bakano, ka ji Bazamfare, ka ji wanda ya haɗa da Turanci ya dama. Mai Keken da ya ɗauke mu zuwa Hayin Banki ɗan Katsina ne, da ya ji daga Funtuwa muke ya rage mana wani abu, wai don zumunci, bayan ya riga ya ƙara.

Gwaggo ta tare mu a ƙofar gida da wasan da suka saba. “Matar Yaya, ke ce kika koma haka? Ina bakin?” Inna ta ɗan motsa leɓe, shi ke nan. Na ga idon Gwaggo ya kawo ruwa, ta juya da sauri ta ce bari ta kawo shayi da doya. Na ce a'a, ba a ci. Ta ce, “To, ku kuka san asibiti.” Kawu ya tsaya a gida ya huta, mu uku muka sake hawa Keke.

Unguwar Rimi wata duniya ce. Daga Hayin Banki inda kowane gida da tebur ɗin mai kayan miya a ƙofa, yara na gudu, injin markaɗe na kuka, sai ga mu a layuka shiru, dogayen katangu da waya a sama, bishiyoyi sun yi rumfa, ba ka jin komai sai tsuntsaye da janareta can nesa. Wurin likitar gida ne aka mayar ɗakin magani, tsaf-tsaf, ana cire takalmi a ƙofa. A falon jira muka tarar da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ma da sandarsa. Ya dubi Inna ya ce, “Hajiya, sabuwar ɗaliba ce? Kada ki ji tsoro, wallahi cizon sauron Kawo ya fi ta zafi.” Gwaggo ta yi dariya. Ni ban yi ba, don ni ko allurar rigakafi sai an riƙe ni.

Likitar mace ce, ba ta kai Inna shekaru ba, Hausarta ta Zazzau. Ta ce ita asali likitar gashin ƙashi ce, daga baya ta je China ta karanci allurar. Ta karɓi katin asibitinmu ta duba, ta sa na zazzage magungunan a tebur ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta auna jini ta ce ba laifi. Ta tambayi barci, ta tambayi kuka, ni nake amsawa. Abin da ya burge ni, ba ta cika baki ba. Ta ce wasu suna samun sauƙin barci da nauyin zuciya, wasu ba sa samu, ita ba ta yin alkawari, kuma allurarta ƙari ce a kan maganin asibiti da gashi, ba madadinsu ba.

Daidai nan wayar Gwaggo ta yi ƙara ta fita. Likita ta juyo wajen Inna, ga filas ɗin shayi da kofuna a gefen teburinta, ta ce, “Inna, kin karya kuwa?”

Inna ta dubi filas ɗin, ta sunkuyar da kai ta ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake.”

Kun dai san mu. Ka je gidan mutane da yunwa kamar ta kashe ka, a ce ga abinci, ka ce ka ƙoshi. Inna ta ɗauka tayi ake mata. Ni na buɗe baki, sai na rufe. Ni ce 'yar fari, Inna ko sunana ba ta faɗa, tsakanina da ita “ke” ne da “waccan”. Tun da na yi wayo ban taɓa gyara mata magana a gaban baƙo ba, in ce ƙarya take a gaban likita? Kuma a raina ina cewa ai rashin cin ma shi ne daidai, ko ta ce ta ci ko ba ta ce ba, cikin dai wayam yake yadda ake so.

Aka ce ta kwanta a gado ta ƙi, ta ce ta gaji da gadon asibiti. Likita ta bar ta a kujera mai jingina. Ta fasa sabuwar leda a gabanmu, alluran sirara kamar gashin wutsiyar doki. Ta roƙi Inna ta zame ɗankwali, kan da ya yi watanni ba kitso don ta hana kowa taɓawa, ta zame tana kallon ƙasa. Aka sa a tsakar ka, aka sa tsakanin gira, a wuyan hannu, a ƙwauri, a bayan ƙafa. Ko motsi ba ta yi ba. Likita ta ce, “Da zafi?” Ta girgiza kai. Na fara sakin numfashi.

Ba a jima ba Inna ta yi hamma. Doguwa, irin waccan.

Na ga goshinta ya tsattsafo da gumi, leɓenta ya yi fari, idonta ya juye, kanta ya langaɓe gefe. 'Yan uwa, ban san me ya faru da ni ba. Na dai ji muryata tana salati, na ga ƙofa, na ga falo, na ga get, na ga titi. Ba takalmi, mayafina ya faɗi ban san inda ba, ina gudu ina ihu, “Ya dawo! Ciwon ya dawo! Ku taimake ni!” A layin da ko tari ba a yi da ƙarfi. Karnuka suka ɗauka daga bayan katangu. Wani tsohon maigadi ya fito da gora yana cewa, “Ke ɗiya, mi ya faru? Ɓarayi ne?” Har yau in kuka tambaye ni ina za ni, ban sani ba. Asibiti na bari a baya, ina neman taimako a titi. A ƙarshen layin Gwaggo ta cim mini tana haki, ta damƙe ni ta ce, “Don ubanki tsaya! Ta farfaɗo!”

Ban yarda ba sai da na gani. Na tarar an zare alluran duka, an kwantar da ita, an ɗaga ƙafafunta a kan matasai, idonta biyu. Likita na ce mata ta yi murmushi, ta ɗaga hannun dama, ta matse yatsunta, ta faɗi sunan garinsu. Duk ta yi. Likita ta sake auna jini. Sannan ta juyo gare ni, ba faɗa, ta ce suma ce, ba ciwon ba ne, da ta ga alamar ciwon da yanzu muna hanyar babban asibiti. Ta ce, “Me ta ci da safe?”

Na ce, “Ba komai.”

“Jiya da dare fa?”

“Loma biyu na tuwo.”

Ta dafe kai. Ta ce wannan allura ba a yin ta da yunwa, mai yunwa yakan suma, balle wanda ya sha maganin hawan jini ya yi doguwar tafiya. Na fashe da kuka ina ba ta labarin gwajin jini da maƙwabciyarmu. Ta ce, “Share hawayenki, da nawa laifin. Ni Bahaushiya ce, na san amsar da ake ba mai tayi. Da cewa na yi me kika ci, ba kin ci ba.” Ta haɗa wa Inna shayi da sukari, sai ga filas ɗin da aka ƙi ya yi rana. Aka buɗe kular da na yi ta riƙo tun daga Funtuwa, masa ta huce, miya ta daskare. Likita ta ce ba mai fita sai an ci. Inna ta ci, a hankali, ina jin kunya ce ta sa, amma ta ci fiye da abin da na ga ta ci a wata guda. Tana ci tana satar kallon ƙasa wajen da nake tsaye. Can ta ce da Gwaggo, “Ki duba ƙafar waccan, jini take yi.” Sai lokacin na ga tsakuwa ta yanke ni a tafin ƙafa.

Da muka koma Hayin Banki Kawu ya ji labari, ya tashi kamar zai tashi sama. Ya ce a haɗa kaya, gobe da sassafe gida, ba a kawo yayarsa Kaduna don a kashe ta da tsinke ba. Gwaggo ta ce ai ba tsinken ba ne, yunwa ce. Suka yi ta yi. Ni ina bayan Kawu ɗari bisa ɗari, ko sunan Unguwar Rimi ba na son ji. Aka kira Baba. Ya saurari kowa, sannan ya ce, “Ita mai jikin me ta ce?” Muka dubi juna. Watanni muna yanke mata komai, abin da za ta ci, inda za ta kwanta, inda za a kai ta, ba wanda ya tuna ya tambaye ta. Gwaggo ta tambaya. Inna ta juya wa bango fuska. Na ninke kayanmu na mayar cikin jaka.

Washegari ina ɗaure bakin jakar na ji muryarta daga kan katifa. Da Gwaggo take. “Ana sayar da koko a unguwar nan?” Gwaggo ta ce har da ƙosai. Inna ta ce, “A sayo. Tunda allurar tasu mai ci take so.” Kawu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannun dama, ya rufe. Ƙani dai ƙani ne ko ya yi furfura. Shi kaɗai ya koma Funtuwa ranar.

Sai da yamma muna wanke kwanuka a bayan ɗaki Gwaggo ta gaya mini abin da ya faru bayan na fita da gudu. Wai Inna na buɗe ido ta jiyo ihuna daga titi, ta tambaya wace ce, aka ce 'yarki ce. Da dare kuma ta ce da Gwaggo, “Ni fa na ɗauka in na tafi hutu zan ba ta. Yarinya ta bar komai tana kwasar kashina.” Gwaggo ta ce ta amsa mata, “To kin dai ji irin hutun da za ta yi, har karnukan masu kuɗi sun shaida.” Na saki kwanon da ke hannuna na zauna a ƙasa. Ashe abin da ke cin ta ke nan tana kallon bango, ni kuma ina can ina auna gishirin miya.

Kusan mako biyu muka yi a Kaduna, ana zuwa yau a huta gobe. Zuwa na biyu ƙafata ta ƙi shiga ɗakin, na zauna a falo ina jan carbi, dattijon nan yana tsokanata wai in ɗaure takalmi da kyau ko za a buƙaci gudu. Daga baya na gane zamana a waje ya fi, don in ba na nan Inna takan yi wa likita magana, abin da ba za ta faɗa a gabana ba. A kwance ake mata yanzu. Kullum kuma kafin a fara sai ta lissafa abin da ta ci, Gwaggo na shaida. Bayan allura a motsa mata hannu da kafaɗa, a koya mana yadda za mu riƙa yi a gida.

Ranakun hutu na ɗan ga gari. Robar gindin sandar Inna ta cinye, aka ce in je Rafin Guza. Lunguna ne matsattsu, kwata na bin tsakiya, amma kowace ƙofa da mai sana'a: mai walda, mai ɗinki, mai gyaran waya, masu wankin hula. Wani mai gyaran takalmi ya yanko tsohuwar tayar babur ya ɗaura mata, ta fi ta asali kama ƙasa. Mutanen wajen suna ta maganar kogi, kowa na auna inda ruwa ya kai bara a jikin bango. Ranar Talata Gwaggo ta ja ni kasuwar Kawo. Jama'a, masu zaman Kaduna suna ƙoƙari! Tumatirin da muke saye a kwano a gida, nan ɗan kashi ake jerawa kamar ƙwai, ka taya a harare ka. Amma doya ta fi tamu araha da kyau, kuma na yarda doya da ƙwai ta Kaduna daban ce. Akwai wani Bakano mai gurasa a bakin layin su Gwaggo, shi ya cinye mini ɗan canjin da na zo da shi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Inna ta warke ba. Abin da na fara lura da shi barci ne, na farka na ji tana minshari, na daɗe ina saurare kamar mai jin waƙa. Ci ma ya ƙaru. Amma akwai ranar da aka wuni ana ruwa, ta koma wa bangonta, ta ƙi zuwa, ta ƙi magana, na ce shi ke nan mun koma gidan jiya. Na kira likita ta ce haka abin yake, yau gaba gobe baya, kada mu tsorata, kada kuma mu ƙyale ta ita kaɗai, in ta fara maganar mutuwa a gaya wa likitanta nan take. Kwana biyu bayan nan Gwaggo ta dawo daga kitso tana yanga, ta zame ɗankwali tana nuna mana. Inna ta kalli kan ta kalle shi, ta ce, “Wannan da hannu aka yi shi ko da ƙafa?” Gwaggo ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, “Matar Yaya ta dawo! Zage ni da kyau!”

Ranar komawa likita ta rubuta wa likitanmu bayani, ta ce mu dawo bayan wata guda in Inna ta so, ta nanata in ta so. Baba ya zo da kansa ya ɗauke mu. Hanya lafiya lau, sai wani go-sulo a Maraban Jos da tirela ta gindaya. Wajen Giwa Inna ta ce masarar mutanen nan ta fi tamu, Baba ya ce ina, suka ɗan yi musu. Ina baya ina jin su, ban sa baki ba. La'asar sakaliya muka shiga gida.

In kun tambaye ni allurar ce ta yi aiki, wallahi ban sani ba. Ko ita ce, ko ƙwayoyin ne lokacin aikinsu ya yi, ko canjin wuri da bakin Gwaggo, ko samun wadda za ta gaya wa abin da ke ranta, ko duka ne Allah ya haɗa. Likitar ma ba ta ce ita ce ba. Abin da na sani, mai jinyar wanda ya samu shanyewar jiki kada ya tsaya kan hannu da ƙafa kawai, ya duba shirun. A gaya wa likita, ciwo ne mai magani. Kada a ajiye maganin asibiti don an samu wani. Duk inda za ku, ku tambaya da ci ake zuwa ko ba ci, kada ku ɗauki fatawar maƙwabta. Kuma gaban likita ba wajen kara ba ne, ko da kuwa uwarka ce ta ce ta ƙoshi.

Ni kam har yanzu ban gama dawowa ba. In Inna ta yi hamma sai in saki abin da nake in tsaya ina kallon bakinta har sai ta harare ni. Jiya ma sai da na zubar da ruwan zafi.

Amma tun da muka dawo mata ke shigowa sannu da zuwa, kuma ba ta rufe ido. Tana zama a tabarma a tsakar gida, hannun hagu a cinya, tana ba su labarin Kaduna. Ba labarin allura take ba su ba, labarin guduna ne. Ranar farko ta ce na kai ƙarshen layi. Da maƙwabciyarmu mai fatawa ta zo, cewa ta yi sai a bakin babban titi aka kamo ni, karnuka na bina. Ɗazu ina ɗaki na ji tana gaya wa wasu, “Waccan? Ai ba don Gwaggonta ba da sai Kawo, ba takalmi ba mayafi.” Suka kwashe da dariya, ɗaya ta ɗaga murya ta ce, “Ke, wai haka aka yi?”

Na ce haka aka yi. Gobe in ta so ta kai ni Zariya, ni dai ta yi ta magana.